Jingar Ɗango 16: Abin da Na Koya daga ’Yan SWAT ROOT na Abuja

’Yan uwana ɗalibai, musamman ire-irena da suka koyi Hausa a waje ba a gida ba, wannan muƙala ta samo asali ne daga wata jinga da aka ba mu a aji uku, a kwas ɗin ƙagaggen rubutu. Malam ya ce kowa ya rubuta ɗango 16 a kan garin da ya tashi, da amsa-amo iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sannan ya tashi ya karanta a gaban aji yana buga tebur sau huɗu a kowane ɗango. Ya kuma gindaya sharaɗi: kada ɗango ya ƙare da “wa” ko “ba”. Dalilinsa shi ne, waɗannan gaɓoɓi biyu araha gare su. Duk wanda ya iya cewa kamawa, dafawa, tsayawa, ko kuma ya iya kore magana da “ba”, zai jera ɗango ɗari ba tare da ya yi gumi ba.

Ni Bagware ne daga yankin Kuje, harshen Gbagyi muke yi a gida, Hausa kuwa a kasuwa da wajen maƙwabta na tsince ta. Ranar karatu sai na zo wani ɗango inda na ce na bar gari da asuba. Bugun tebur ya faɗo a kan gaɓar farko ta kalmar, ni kuma don in cike gurbin sai na ja wasalin. Wata ’yar ajinmu Bakatsiniya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, a tambaye shi, na masara ya bari ko na dawa?” Aji ya kwashe da dariya. A rubutun boko ba a nuna tsawon wasali, don haka garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo duk kamarsu ɗaya a takarda. A baki ne asiri ke tonuwa. A wannan rana na yanke shawarar cewa waƙa baiwa ce ta ’yan asalin harshe, ni kuwa in lallaɓa in ci kwas ɗin in koma wa nahawu.

Wanda ya sauya mini wannan tunani kawuna ne, mutumin da bai taɓa nazarin Hausa ba. Da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce ai jingar ’yan gambarar zamani ce aka ba mu, domin a waƙar hip hop baitin mutum ɗaya yawanci layi 16 ne, kowane layi kuma bugun kiɗa huɗu. Ya ɗauko tsofaffin fayafayensa ya kunna mini wasu mawaƙa da suka yi tashe a nan Abuja tun ina goye.

Ƙungiyar ita ce SWAT ROOT, wadda ta yi suna a farkon shekarun 2000 a ƙarƙashin kamfanin Payback Tyme na Solo Dee. Daga cikin ’ya’yanta akwai Mode 9, da Terry tha Rapman wanda ya tashi a Kaduna, da Six Foot Plus, da Overdose, da Rule Clean. Ya kamata mai karatu ya tuna yadda Abuja take a wancan lokaci. A watan Disamba na 1991 ne gwamnatin tarayya ta taso daga Legas, ke nan birnin bai daɗe da zama hedkwata ba, gari ne na ma’aikata da ’yan kwangila. Harkar waƙa tana Legas: can ne manyan gidajen rediyo da talabijin suke, can ne kasuwar Alaba da ke rarraba fayafaye ga duk ƙasa, can ne kuma ƙungiyoyi irin su The Remedies da Trybesmen da Plantashun Boiz suke cin karensu babu babbaka. Mawaƙin Abuja ba shi da babbar kasuwa da zai faranta wa rai. Masu saurarensa na kusa su ne abokan sana’arsa, kuma a ganina wannan ne ya sa aka san ’yan SWAT ROOT da tsara kalmomi da wasa da harshe fiye da kiɗan rawa.

Mode 9 shi ne ya fi fice a cikinsu. An haife shi a Landan a 1975, ya yi aikin gabatar da shiri a gidan rediyon Rhythm FM na Abuja, ya fitar da Malcolm IX a 2004, sai Pentium IX a 2006, sannan E’ Pluribus Unum a 2007. Tun daga 2006, lokacin da aka fara bikin Hip Hop World Awards wanda daga baya ya koma The Headies, ya ci kambun gwanin tsara kalmomi har sau bakwai. Amma ita kanta ƙungiyar ba ta ɗore ba. Kowa ya kama gabansa, Mode 9 da Terry suka koma Legas inda kasuwa take, sunan SWAT ROOT ya zama labarin da ire-iren kawuna ke bayarwa. Da Ingilishi da Turancin buroka suke waƙa, ba da Hausa ba, saboda haka ba kalmominsu ne suka amfane ni ba, tsarin aikinsu ne.

Tsarin kuwa shi ne wanda ƙungiyoyin gambarar zamani suka gada tun daga unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970. Kiɗa ɗaya ake ɗorawa, kowane mawaƙi ya rubuta nasa baitin a kansa, a rera ɗaya bayan ɗaya. Ma’auni ɗaya ne ga kowa, don haka nan take kunne ke gane wanda ya cusa gaɓoɓi fiye da kima, da wanda ya ja kalma don ya cike gurbi, da wanda amsa-amonsa na ragwanci ne. Ba a jiran malami ya duba takarda bayan mako biyu. Wanda ke tsaye kusa da kai shi ne alƙali, kuma shi ma yanzun nan za a yi masa nasa alƙalancin.

Da na kawo wa Malam wannan magana sai ya ce ai ba sabon abu na gano ba, in je in karanta tarihin ƙungiyoyin marubuta waƙoƙin Hausa na Kano, wato Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu. A shekarun 1970 mawaƙan Hikima kan haɗu su karanta wa juna waƙoƙi, a kuma watsa su ta rediyo. Ya ƙara da tahamisi, inda mawaƙi ke ɗaukar waƙar wani ’yar ƙwar biyu ya ɗora wa kowane baiti ɗango uku a sama ta koma ’yar ƙwar biyar, ba tare da ya karya karinta ba. Misalin da duk muka sani shi ne Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Nana Asma’u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wato dai shiga ma’aunin wani don a gwada ƙwarewa tsohuwar al’ada ce a adabin Hausa.

Mu biyar muka kafa tamu ’yar ƙungiyar, uku ’yan asalin harshe, biyu masu koyo. Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne mafi gundura a cikinsu. Mukan ɗauki baiti ɗaya na wani mai gambara da Hausa, kamar ClassiQ ko DJ AB, ko ’yan Kaidan Gaskiya na birnin Yamai, mu rubuta shi da kunne, mu ninka duk wani dogon wasali, sannan mu sa wa kowace gaɓa alamar nauyi ko sauƙi. Ƙa’idar ba wuya: baƙi da gajeren wasali gaɓa ce mai sauƙi, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko gaɓar da ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce. Aikin ne da wuya. A makon farko na kuskure kusan rabin wasulan ƙarshen kalma, domin a nan ne tsawon ya fi ɓuya. Abin mamaki, su ma ’yan asalin harshen sun yi ta gardama a tsakaninsu. Bakinsu ya san daidai, amma da aka ce su sa alama sai hannu ya riƙa rawa. Wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya, ba zan ɓoye ba.

Na biyu shi ne na kalmomi masu kama ɗaya a rubutu. Za a ba ka “fara” ka sa ta sau uku a baiti guda: ta launi, da ta ƙwaro, da ta soma aiki. Ko “kuka” na hawaye da ta miya, inda tsawon wasali ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Daga nan muka faɗa cikin batun da Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami’ar Ahmadu Bello ya taso da shi a 1980, cewa mawaƙan Hausa kan daidaita karin sauti a ƙarshen ɗango, ba gaɓa kaɗai ba. Masana sun yi muhawara a kai, mu dai mun gwada, kuma kunnena ya fi jin daɗin ɗangogin da suka ƙare da kari iri ɗaya.

Na uku shi ne zagaye irin na ’yan gambara, amma da tahamisi: mutum ɗaya ya kawo ɗango biyu, na kusa da shi ya ɗora uku cikin minti 10, a karanta da bugun tebur. A nan ne ake ɓata wa juna rai. Ɗaya daga cikinmu ya daina zuwa bayan an ce masa baitinsa zube ne aka yanka gunduwa-gunduwa, kuma har yau ina ganin an yi masa tsauri fiye da kima. Akwai kuma haɗarin da Malam ya nuna mana: wanda ya saba da zagaye yakan koma rubutu don burge mutum huɗun nan kawai, ya cika baiti da habaici da wasan kalma, jigo kuwa ya ɓace.

A ƙarshen zango na sake rubuta ɗango 16 ɗin a kan Kuje, da amsa-amon “ri”, na kuma mayar da kalmar nan inda gajeren wasalinta ya dace da bugu. Na karanta ba wanda ya ɗaga hannu. Sai dai sunan ya riga ya bi ni, har ’yan aji ɗaya Garin Masara suke kirana. Mu huɗun da muka rage muna haɗuwa duk ranar Alhamis bayan la’asar, kuma kujerar mutum na biyar tana nan babu kowa.