Saƙonnin Da Ke Tayar Da Ciwon Fuka

Sau da yawa mutum biyu kan kwana ɗaki ɗaya, su shaƙi ƙura iri ɗaya, ɗaya ya wayi gari lafiya lau, ɗayan kuwa ya kwana zaune yana haki. Bambancinsu yana cikin irin umurnin da fararen ƙwayoyin jininsu ke karɓa.

Su waɗannan ƙwayoyi su ne dakarun tsaron jiki, kuma ba su motsawa sai da umurni. Umurnin yakan zo ne ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda ƙwaya ke aika wa 'yar'uwarta. A shekarar 1986 wasu masana biyu a Amurka, Mosmann da Coffman, suka nuna cewa akwai rukunin ƙwayoyi na musamman, mai suna Th2, da ke aika saƙonnin da ke haddasa fuka da borin jini.

Saƙo na farko, IL-4, shi ke sa a ƙera wani makami mai suna IgE. Makamin yakan manne a jikin ƙwayoyin mast da ke cikin fata da hanyoyin numfashi. Da zarar ƙurar ɗaki ko garin fure ya sake shigowa, sai su zubo histamin, nan take atishawa da ƙaiƙayi su tashi.

Na biyu, IL-5, yakan tafi har cikin ɓargo ya sa a yawaita ƙwayoyin iyosinofil. Asalin aikinsu yaƙi da tsutsotsi ne, amma idan suka yi dandazo a huhu sai su raunata hanyar iska. Na uku, IL-13, shi ke ƙara majina, ya sa hanyar ta riƙa tsukewa.

Sanin wannan ya haifar da magungunan da ke tare saƙon a hanya, kamar mepolizumab mai toshe IL-5, wanda aka amince da shi a Amurka a 2015. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fuka ta kashe mutum 455,000 a 2019. Saboda haka likitoci ke jan kunnen masu ciwon: maganin shaƙa mai buɗe ƙirji nan take ba ya kashe kumburi. Wanda ke rage waɗannan saƙonni shi ne na rigakafi, kuma bai kamata a ajiye shi don an ji sauƙi ba, sai da iznin likita.