Burkutu da Doka: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Ya ku 'yan'uwa manoma na Yawuri da Ngaski da Shanga, hana giya ba sabon abu ba ne a Arewa. Dokar Turawa ta 1917 ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasa a nan. A 2000 kuma Jihar Kebbi ta kafa Shari'ar Musulunci. Bulalar mashayi ta Musulmi ce kaɗai, amma dokar lasisin sayarwa tana kan kowa.

To, in an kama mai dafa burkutu a ƙauyukanmu na bakin Tafkin Kainji, ikon 'yan sanda yana da iyaka. Tsarin mulki na 1999 ya ce a kai ta kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mijinta ko ɗanta a madadinta. Beli a ofishinsu kyauta ne.

Saboda haka kada tsoro ya sa a kwashe dawar rumbu a sayar don "a kashe magana". Ƙungiya ta aiki dattawa biyu su tsaya mata, su rubuta kayan da aka ɗauke. Rashin sani ya fi dare duhu.