MAI CIKI A GIDANKA: WANNE NE LAULAYI, WANNE NE HAƊARI?

 

Yau maganar mai ciki za mu yi, kuma da kai nake maigida, domin izinin fita a hannunka yake, kuɗin mota ma a aljihunka yake. Allah Maɗaukaki da kanSa Ya ambaci wahalar ɗaukar ciki a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15. To abin da Mahalicci Ya kira wahala, kai ba ka isa ka kira shi shagwaɓa ba.

Ciki yana ɗaukar kimanin mako 40, wato kwana 280 in an fara lissafi daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A cikin wannan lokaci jikin mace yana canzawa gaba ɗaya. Jininta yana ƙaruwa da kusan rabin wanda take da shi a da, zuciya tana ƙara aiki, gaɓoɓi suna saki. Shi ya sa za ka ga kasala, yawan barci, yawan fitsari, ciwon baya, nono ya cika yana zafi, wani baƙin layi ya fito daga cibiya zuwa mara, wata ma fuskarta ta yi duhu. Ga saurin fushi, ga kuka ba dalili. Duk wannan ba ciwo ba ne, haƙuri yake so, kuma mafi yawansa yana wucewa bayan haihuwa.

Laulayi yakan fara wajen mako na 6, ya lafa tsakanin mako na 12 zuwa na 16. Abin da muke ba da shawara mai sauƙi ne: ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ta bari cikinta ya zama wayam, ta ɗan ci busasshen abu kafin ta tashi daga shimfiɗa, a nisantar da ita daga ƙaurin suya da turaren da ba ta so. Ɗanyar citta 'yar kaɗan a ruwan ɗumi da zuma tana rage tashin zuciya, wannan mu da likitoci bakinmu ɗaya. Amma in ta kai ko ruwa ta sha sai ya dawo, wuni guda cur, fitsarinta ya yi ja ya ragu, tana ganin jiri in ta miƙe, to an wuce gaban citta. Ƙarin ruwa take bukata a asibiti.

Ƙwannafi kuwa, don Allah a daina magance shi da kanwa. Na san tana kwantar da shi nan take, amma kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana tayar da jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. In kanwa tana yi wa mai jego haka, ina ga mai cikin da jininta ke neman hawa? Ta rage yaji da maiƙo, kada ta kwanta da ta gama cin abinci, ta ɗaga kai da matashi biyu.

*Kumburi da jijjiga*

A nan zan daɗe, domin nan ne ake asarar rai.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda in ta kwana ta ɗaga ƙafar yake saɓewa, abu ne da aka saba gani a watannin ƙarshe. Wanda ake tsoro shi ne kumburin fuska da hannuwa, ta wayi gari idanu sun yi luhu-luhu, zobe ya ƙi fita. Tsofaffi sai su ce ai ƙibar ciki ce, ciki ya karɓe ta. A'a Hajiya, a je a auna jini tukuna. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka bayan ciki ya wuce mako 20, kuma aka gwada fitsari aka ga alama, to wannan hawan jinin masu ciki ne, kuma shi ne ke haifar da jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Ya fi kama mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya, da mai tagwaye, da wadda ta manyanta, da wadda dama tana da hawan jini ko ciwon suga. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya nuna kansa, mace tana harkokinta jinin yana sama. Na'urar awo ce kaɗai ke tona shi.

Alamomin da ke gabatar jijjiga: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin farasitamol, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya-walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko saman ciki, da amai a ƙarshen ciki bayan laulayi ya daɗe da wucewa. Ko ɗaya ka gani, ko ƙarfe biyun dare ne, ku kama hanya.

In ta faɗi tana jijjiga, idanu sun juye, tana taune harshe, mutanenmu abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne iska ce, ko an yi mata jifa. Sai a kawo hayaƙi, a nemo mai ruƙya, a ɗura mata rubutu. Ni malami ne, ina ruƙya, ban musanta aljani ba kuma ban musanta sihiri ba. Amma ina gaya maka tsakanina da Allah, mai cikin da ta yi jijjiga, ka ɗauka hawan jini ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai domin zai wuce huhu, kada a kusantar da ita da wuta ko hayaƙi. A ɗauke ta. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ana karanta su a cikin mota, ba su hana tafiya. A asibiti akwai allurar da ake kira magnesium sulphate da ke tsayar da jijjigar, kuma sau da yawa sai an ciro abin da ke cikin kafin uwa ta tsira. In likita ya ce ka sa hannu a yi aiki, kada ka tsaya kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. A sani kuma, jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu, a cikin kwanakin jego.

*Jini ya zo: tambayar malam da tambayar likita*

Tambayar da ta fi zuwa mini daga mata ita ce: Malam ina da ciki na ga jini, in yi salla ko in bari? A mazhabarmu ta Malikiyya mai ciki tana iya yin haila, har Ahalari ya kawo adadin kwanakin da za ta zauna gwargwadon watannin cikin. Hanafawa da Hambalawa kuwa suna ganin jinin ciwo ne, ta ci gaba da sallarta. Wannan saɓani ne a kan hukuncin ibada. Bai ce jinin ba shi da haɗari ba. Amma sai mace ta ji an ce haila ce, ta nemi ƙyalle ta zauna a ɗaki tana ƙirga kwanaki. Shi ya sa ni kafin in ba da fatawa nake tambaya, an je asibiti?

Jini a farkon ciki yana iya zama ɓari. In ya haɗu da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, a wata na biyu ko na uku, ana tsoron cikin ya zauna a wajen mahaifa ne, kuma in wurin ya fashe jini a ciki yake zuba, ido ba ya gani. Jini a watannin ƙarshe kuwa, ko mabiyiya ce ta tare hanya, ko ta ɓalle kafin lokaci. Kada ungozoma ta sa hannu ta duba, kada a jiƙa komai. Sikanin ne zai nuna.

Ƙarancin jini shi ne ke sa ƙaramar zubar jini ta zama babba. Ka duba cikin idonta da tafin hannunta, in sun yi fari fat, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, zuciya na bugawa, tana kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, to jini ya yi ƙasa. Ƙwayoyin ƙarin jinin da ake bayarwa a wajen awo a sha su, ko da bayan gida ya yi baƙi, haka suke yi. Zancen wai suna sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita, ba shi da tushe. A gida kuma ga wake, ga alayyahu, ga kwaɗon zogale da rama, ga ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, a bi da lemo ko gwaba. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, don haka a raba shi da abinci da awa ɗaya ko biyu. Kuma maigida, tsokar da ake ajiye maka a kwanon sama, watannin nan ita ta fi ka bukata.

Babban ɓarawon jinin mai ciki a ƙasarmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yana ɓuya a mabiyiya ya hana ɗa girma, yana jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Ta kwana a gidan sauro kullum, ta karɓi Fansidar da ake bayarwa a wajen awo daga wata na huɗu, wata-wata. In jiki ya yi zafi a yi gwaji, kada a tura yaro kemis ya haɗo. Ibuprofen da diclofenac da tetracycline duk ba na mai ciki ba ne sai da izinin likita.

Yanzu bari in taɓa ɓangarenmu, masu magani. Ba duk abin da ya zo a Sunna ko ya fito daga itace ne ya dace da mai ciki ba. Falalar habbatus sauda ta tabbata a Bukhari, amma shan manta cokali-cokali a bari sai bayan haihuwa. Hulba mai yawa, filasko, tazargade, ganyen darbejiya, saiwar zogale da ɓawonsa, duk a ajiye su. Ƙaho ma a jinkirta. Maganin zaƙi da ake ɗirka wa mata daga wata bakwai, galibi ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, ba a san adadinsa ba, wani yana tsinka gudawa wani yana tayar da naƙudar da ba ta kai ba. In zaƙi ake tsoro, akwai gwajin suga da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28. Duk mai maganin da ya ce yana da jiƙon da ke sa a haihu kamar kaza, ka tambaye shi in mahaifa ta fashe shi zai ɗinke? Dabino kuwa abinci ne mai albarka, ga ƙissar Nana Maryam nan a surarta, mai ciki ta ci abinta, sai dai in an ce tana da suga.

Farin ruwa mara wari da mara ƙaiƙayi yana ƙaruwa da ciki, ba sanyi ba ne. Mai wari, ko ƙaiƙayi, ko zafin fitsari, shi ne na gwaji. Matsi da cushe-cushe a daina.

Addini bai matsa mata ba. In tsayuwa ta gagara ta yi salla a zaune. Azumi in ta ji tsoro wa kanta ko abin cikinta ta sha, ta rama daga baya, kuma a mashhurin zance na Malikiyya babu ciyarwa a kanta. Mai amai, mai ƙarancin jini, mai hawan jini ko suga, kada a zuga ta da cewa wance ma ta yi.

Motsin ɗa yakan fara tsakanin mako na 16 zuwa na 24. Uwa ta san yadda ɗanta ke motsi. Ranar da ta ce yau shiru, ko ya ragu sosai, kada a ce barci yake a bari sai gobe. Haka in faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko naƙuda ta kai awa 12 a gida. Doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, wanda ya je Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan matan da ke jiran aiki ba sai an yi masa wa'azi ba. Mai cikin fari kunya za ta hana ta magana, don haka uwa ko suruka ta riƙa tambayarta, kuma in ta tafi goyon ciki gidansu a tafi da katin awonta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa awo ya kai sau 8, a fara tun watanni ukun farko. A can ne za a yi mata allurar tetanus, a san rukunin jininta. In nata negetif ne naka fozitif, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba.

Abu na ƙarshe, kuma yau nake so ka yi shi. Ka kira ta a gaban mahaifiyarka ko wani babba a gidan, ka ce: na ba ki izini, duk lokacin da kika ga jini, ko ciwon kai, ko kumburi, ko ɗa ya daina motsi, ki tafi asibiti ko ina nan ko ba na nan, ko wayata ta shiga ko ba ta shiga ba. Ka ajiye kuɗin mota a hannunta, ba a hannunka ba. Ka karɓi lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa da zai tashi da dare. Ka yi magana da mutum biyu cikin 'yan uwa da za su iya ba da jini in an nema.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya abin da za su haifa bisa Sunna. Wassalamu alaikum.