ABIN DA KE CINYE LANƘWASAR "Ƙ" TSAKANIN KATUZU DA IKKO

Duk ɗan Arewa da ya taɓa awo a kasuwannin Kudu ya san mudun Gashuwa daban, derikar Ikko daban, kongon Badun kuma daban. Wanda ya yi lissafi da mudun gida a kasuwar Mile 12, asara ce za ta koya masa hankali. To, irin wannan ne ke samun masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma haruffanmu na Hausa ne kan fara jin jiki.

A misali, ɗalibi a Katuzu, can Gashuwa, ya rubuta wasiƙa a kwamfuta ya aika wa yayansa a Agege. Da aka buɗe, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Ba hanya ce ta ɓata saƙon ba. Na'urorin biyu ne ba su auna da mudu ɗaya ba.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, sai lamba. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1991, shekarar da aka kafa Jihar Yobe, tsarin Unicode ya fito ya ba kowane harafi lambarsa, namu ma suka samu. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar ajiye lambobin nan, inda "ƙ" ke cin gurbi biyu. Idan na'ura ta karanta su da tsohon tsarin Windows na Turai ta Yamma, sai ta ɗauki kowane gurbi harafi ne mai zaman kansa. Nan aka haifi "Æ™".

Masu rubuta manhaja sukan tara ayyukan da ake yawan bukata wuri guda, kamar rumbu, kowa ya ɗiba. Tare da rumbun sukan rubuta gwaje-gwaje, kowanne yana cewa: in an ba ka kaza, dole ka mayar da kaza. Sau da yawa rumbun da aka gina a kan Linux yakan ci dukkan gwajinsa, amma ran da aka kai shi Windows sai wasu su faɗi, alhali ba a taɓa ko layi ɗaya ba.

Dalilan sanannu ne. Ban da zancen haruffa, Linux tana rufe layi da alama ɗaya, Windows kuwa da biyu, gadon zamanin tafireta, lokacin da sai an mayar da keken sannan a ɗaga takarda. Linux tana ganin fayil mai suna "Bade" daban da "bade", Windows kuwa a al'adarta ɗaya ta ɗauke su. Ko sandar da ke raba sunayen ma'ajiyai, ta wannan dama take karkata, ta waccan hagu.

Gwanayen aikin ba sa gaggawa. Sukan ɗauki gwaji ɗaya da ya faɗi, su yi ta rage shi har ya koma ɗan guntu, wani lokaci kalma ɗaya tak. Sai su duba lambobin da kowace na'ura ta ajiye, su jera su gefe da gefe. Daga nan su tambaya: rumbun ne ke da laifi, ko gwajin ne ya zaci ko'ina gida ne? Maganin galibi shi ne a faɗa wa manhaja ƙarara da wane tsari za ta karanta, kada a bar ta ta bi al'adar masaukinta.

Akwai gajeriyar hanya da ragwaye kan bi: su kashe gwajin, ko su cire lanƙwasar. Nan ne haɗarin yake. "Ƙare" ya zama "kare", "ɗaki" ya zama "daki", "ƙasa" ta zama "kasa". Ga mutanen Katuzu abin ya fi haka, domin harshen Bade, wanda marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa 'yan Yobe suka buga ƙamusunsa a 2004, yana da ɓ da ɗ, ga kuma harafin "ə". Manhajar da ta kasa riƙe waɗannan ba za ta riƙe ƙamus ba, balle sunan mutum a takardar shaida.

Saboda haka mai karatu da ke da yaro yana koyon wannan sana'a, a Yaba ne ko a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, ya ja masa kunne: ya sa kalma mai lanƙwasa a cikin gwajinsa tun ran farko, ya kuma gwada a kowace irin na'ura kafin ya ce aiki ya kammala.