Inuwa Kaɗai Ba Ta Ciyar da Tsuntsu

Wanda ya gangara bakin kogin Shari ta unguwar Sabangali da sanyin safiya zai tarar da balbela da zalɓe suna kiwo, in ya yi sa'a har dorina ta leƙo masa. Amma da ya juya ya shiga cikin Njamena, itacen da zai yi ta cin karo da shi kusan ɗaya ne: dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya.

Ba a raina masa. Baƙo ne daga Indiya, mai jure fari, ga inuwa mai sanyi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Sai dai ɗacin ganyensa yana korar ƙwari, su kuwa ƙwarin nan su ne tuwon ƙananan tsuntsaye. Shi ya sa tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su ci rani a nan ba su cika sauka a kansa ba. Gawo suke nema, da bagaruwa, da aduwa.

Gawo kam abin mamaki ne. Da damina, kowane itace na sanye da kore, shi sai ya tuɓe ganye. Da ruwa ya ɗauke sai ya tofo ya yi fure, daidai lokacin da ƙudan zuma suka rasa wurin zuwa. Ɓaure kuma gidan biki ne: tsuntsaye da rana, jemagu da dare, su ci su watsa irinsa nesa. Kurna da magarya, sai dai tsuntsu ya yi rige-rige da yaran unguwa.

A 2008 gwamnatin Idriss Deby ta fara dasa zoben itatuwa kewaye da birnin, ta wajen Gawi, aka kuma hana gawayin itace a farkon 2009. Aikin ya kyautu. Amma a ganina mun fi yawan tambayar guda nawa aka dasa, ba wane iri ba.

Ga unguwar da ke bakin ruwa, bayan ambaliyar 2022 da ta 2024, tambayar ta ƙara nauyi. Bagaruwa takan yi watanni gindinta cikin ruwa ba ta mutu ba, saiwarta na riƙe gaɓa. Wahalarta ita ce ƙaya, kuma awaki na son ta, don haka dashen yana bukatar shinge da ban ruwa har ya wuce bakin akuya.