Daga Damagaram zuwa Arewacin Hamada: Hira Tana Kashe Ƙyama

Hanyar arewa ba baƙuwa ba ce ga Damagarawa. A zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ayarin raƙuma ke tashi daga unguwar Zango zuwa Gat da Gadamus da Tarabulus, fataken Larabawa kuma suna da gidajensu a cikin gari. Sai dai ba fatu da gashin jimina kaɗai ayarin ya kai can ba, har da bayi. Tabon wannan ciniki ne ke bin 'ya'yanmu yau, duk ranar da wani yaro a titin Sabha ko Wahran ya kalli baƙin mutum ya ce masa "abid" ko "kahlush".

Mutanen Kance da Matamaye sun san ɗacin tafiyar fiye da kowa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga kwaso 'yan Nijar a manyan motoci tana maido su ta Asamaka. A 2017 kuma wasu 'yan Aljeriya suka tayar da gangami a intanet suna cewa ba sa son 'yan Afirka a ƙasarsu, kamar su ba a Afirka suke ba.

Duk da haka, zauna da magini ko mai ban ruwan gona da ya shekara a can, za ka ji wani gefen labarin. Wanda ya fi zaginsa shi ne wanda bai taɓa yi masa sallama ba. Maigidan da suka ci a akushi ɗaya, maƙwabcin da suka haɗa kafaɗa a sahun salla, mai shagon da suka saba shan shayi tare, su ne ke neman masa magani in ya kwanta, su ɓoye shi ranar kame. Daga lokacin da mutum ya san sunanka da sunan garinku, da wuya ya sake kiranka bawa.

Damagaram tana da tsohon misali. Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa aka kai shi Barno. Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, suka isa Landan a 1855. A Ingila ya zauna da James Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Wannan hira ce ta haifi littafin Magana Hausa a 1885. A zamanin da Turawa da yawa ke ɗaukar baƙar fata marar tarihi, bakin yaro ɗaya ya nuna musu harshe da hikima.

Hira ba ta maye gurbin doka. Tunisiya ta kafa dokar hukunta wariyar launin fata a 2018, kuma wajibi ne hukumomin Nijar su tsaya wa mutanensu. Amma doka hannu take ɗaurewa, zuciya sai zama.

Don haka ɗan'uwa da ke ci-rani, koyi harshen masu masaukinka, ka riga su gaisuwa, ka je sunansu da ta'aziyyarsu, domin zumunci a ƙafa yake. Mu kuma na gida, mu dubi yadda muke kiran Buzu da Tubu da Inyamuri a kasuwar Dole. Mutuncin da muke nema wa 'ya'yanmu a ƙasar wasu, mu fara bai wa baƙon da ke ƙofarmu.