Kokawar Takobi: Maradawa na tuna Kantu, suna neman magajinsa a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Da zarar an kammala yankan gero an ɗaure dammuna, hirar fada a jihar Maradi kan sauya salo. Zancen damina da farashin taki ya ja baya, sai a shiga lissafin 'yan kokawa: wa ya ƙara ƙiba, wa ya ji rauni a gwiwa, wa ya dawo daga ci-rani, wa kuma za a saka a cikin goman da za su ɗauki tutar jiha zuwa gasar takobin ƙasa. Daga tashar motar Agiye zuwa kasuwar Gazawa har rumfunan shayi na Gidan Rumji, duk inda wannan muhawara ta yi zafi akwai sunan da ba ya ɓacewa a cikinta, wato Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu.

Mutumin da ya buɗe littafin

A shekarar 1975 aka shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a garin Tawa, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki. Kafin wannan lokaci kokawa wasan kaka ce ta ƙauye da ƙauye, ana yin ta a dandali bayan an tara amfanin gona, samarin wannan gari su je su gwada ƙashi da na wancan. Gwamnatin soja ta lokacin ta ga cewa wasan da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk suka sani zai iya tara 'yan ƙasa wuri ɗaya, sai ta ɗauke shi daga dandali ta kai shi babban fili, ta kuma sanya takobi a matsayin kyautar wanda ya kada kowa.

Wanda ya fara ɗaga wannan takobi shi ne Kantu, ɗan kokawar Maradi. Duk jerin sarakunan kokawar Nijar da za a karanta, da sunansa ake farawa. Saboda haka ne ma babban filin kokawa na birnin Maradi ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. Waɗannan, tare da Kadade na Tawa, su ne 'yan mazan farko da suka sa mutane rufe shago don sauraron rediyo.

Yawancin masu kiran sunan Kantu a yau ba su taɓa ganin kokawarsa ido da ido ba. A zamaninsa talabijin bai wadata a karkara ba, muryar mai sharhi a gidan rediyon Voix du Sahel ita ce idon jama'a. Abin da ya iso ga matasa shi ne labarin da iyaye da kakanni ke bayarwa, da kiɗan maroƙan fili irin su Sagalo, waɗanda suka adana sunayen 'yan kokawa kamar yadda Ɗan Anace ya adana sunan Shago a fagen dambe a Najeriya. Da wannan ma'auni ake auna duk wani sabon ƙato da ya fito daga jihar. In ya kada mutum uku a jere, tambayar da ke biyo baya ita ce ko zai kai inda Kantu ya kai.

Maradi ba ta tsaya a kansa ba. Labo Mai Ƙaho da Umaru Ali Bindigau na cikin sunayen da suka riƙe martabar jihar a fagen ƙasa bayansa. Sai dai a shekarun baya-bayan nan wani yanki ne ya mamaye fili. Kadri Abdu, wanda ake kira Issaka Issaka, ɗan kokawar Doso, ya lashe takobi sau uku a jere a Yamai a 2021, da Difa a 2022, da Agadas a 2023, abin da ya kai shi ga takobi shida. A ƙarshen 2024, a gidansa Doso, Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bukukuwa, a kan idon magoya bayan Maradi aka yi shi, suna kallon wasu na rawa.

Yadda kakar take tafiya

Ga wanda ya tashi a birni ko a ƙetare, gasar takan yi kama da abin kwana goma a ƙarshen Disamba. Amma hanyar zuwa can tana farawa tun makonni kafin haka. Ana fara tankaɗe da rairaya a matakin ƙananan hukumomi da gundumomi, inda ƙarti daga wurare irin su Agiye, Gazawa, Tasawa, Madarunfa, Mayahi, Dakoro da Gidan Rumji ke karawa. Waɗanda suka tsira su haɗu a birnin Maradi, a filin Kantu, a fitar da goma. Daga nan a killace su a sansanin horo har ranar tafiya.

A gasar ƙasa jihohi takwas ne ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maradi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram, kowace da 'yan kokawa goma, jimilla 80. Kowace jiha takan kara da sauran ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke sa zuciyar mai kallo bugawa shi ne ƙa'idar takobi: wanda aka kada sau ɗaya ya fita daga neman sarauta, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Don haka lissafin da ake yi kowace yamma a fada guda ne, mutum nawa suka rage wa Maradi da bayansu bai taɓa ƙasa ba. Ranar farko goma ne. Kafin a kai tsakiyar mako wataƙila saura uku ko biyu. Ranar da na ƙarshe ya faɗi, ko mai shayi ya san kasuwarsa ta ragu.

Fili kansa ya wuce kokawa. Akwai makaɗa, akwai kirarin da kowane ɗan kokawa ke yi kafin ya shiga rairayi, akwai layu da guraye da kambuna da ruwan rubutu da ake shafawa, akwai kuma 'yan cali-cali masu kwaikwayon kaye suna ba jama'a dariya tsakanin karo da karo. Wanda ya yi nasara a ƙarshe akan naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi da doki da miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan 'yan kasuwa da masu mulki.

'Yan ci-rani ba a bar su a baya ba

Yankin Agiye da Gazawa na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, gonaki sun ƙanƙance, kuma gero da wake da gyaɗa da aya ba sa kai iyali ƙarshen shekara a gidaje da yawa. Shi ya sa da an gama kaka samari kan ɗauki jaka zuwa Kano, Legas, Abijan, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Lokacin tafiyar ya zo daidai da lokacin kokawa.

A da, wanda ya tafi sai dai ya ji sakamako a rediyo ko a bakin direban mota. Yanzu Télé Sahel na nuna karawar kai tsaye, kuma minti kaɗan bayan kaye hoton bidiyon ya zagaye rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook da TikTok. Ɗan Gazawa mai tura baro a Kano da ɗan Tibiri mai aikin gini a Tamanrasset kan yi musu a kan kaye ɗaya a lokaci ɗaya, ta saƙon murya. Ga da yawa daga cikinsu, waɗannan kwanaki goma su ne lokacin da suka fi jin suna gida.

Inda gizo ke saƙa

Tafiyar da ke ƙara yawan masu kallo a waya ita ce kuma ke rage masu shiga fili. Saurayi mai shekara 18 zuwa 25, mai ƙashi da ƙarfin noma, shi ne wanda ake buƙata a dandali, shi ne kuma wanda gida ke jira ya aiko da kuɗin hatsi. Kokawa na cin abinci: nama, madara, fura, hutu da magani in an ji rauni. Takobi na mutum ɗaya ne a shekara, sauran 79 kan koma gona ko kasuwa ko kabu-kabu. A Senegal, inda kokawa mai haɗe da naushi ta zama sana'a, manyan 'yan wasa na sa hannu a kwangilar miliyoyi kafin karo guda. A Nijar har yanzu mafi yawan 'yan kokawa na dogara ne da ubangida mai hali ko da abin da aka liƙa musu a fili.

A ɓangaren Gidan Rumji akwai ƙarin damuwa. Tun 2019 gundumar ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma ƙauyukan bakin iyaka na fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Inda mutane ke tsoron fita bayan magariba, kiɗan dandali na farin wata shi ke fara ɗaukewa, alhali a nan ne yaro ke koyon kama ƙugu da sa ƙafa tun kafin wani koci ya san da shi.

Wannan ne ya sa masu bin harkar ke ganin cewa dawowar takobi Maradi na buƙatar fiye da addu'a da kirari a watan Disamba. Ƙananan hukumomi na iya ware ranakun kokawar kaka a kasuwannin mako, da kyauta ko da buhun gero ne. Attajiran Maradi, da aka san su da buɗe hannu ranar da aka ci, na iya ɗaukar nauyin matasa tun daga matakin gunduma. Ƙungiyoyin 'yan jiha mazauna ƙetare, waɗanda ke haɗa kuɗin gina masallaci da rijiya, su ma suna da abin da za su iya yi wa filin garinsu. Tsofaffin 'yan kokawa da ke raye kuma akwai ilimi a wurinsu da ba a rubuce yake ba, in ba a haɗa su da yara ba zai tafi tare da su.

Kafin nan dai, idanu na kan zaɓen gundumomi da kuma goman da za su fito daga filin Kantu. Daga ranar da aka buga gangar buɗe gasa, lissafin fada zai dawo: goma, bakwai, huɗu, har a ga ko akwai ɗan Maradi da zai kai ranar ƙarshe yana tsaye.